Maigida da ma'aikatansa: tambayoyin da ake ta yi min a Garwa kan riƙon mutane a wajen aiki

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da magaza, wato babban shagon ajiya, na kayan abinci a nan Garwa, da direbobi da 'yan dako da masu lissafi mun kai mutum ashirin da wani abu, kuma tun da aka san ina yawan surutu kan maganar riƙon ma'aikata sai ya zama duk majalisar da na zauna tambayoyin nan ne dai suke dawowa. Wasu daga alhazan kasuwa, wasu daga samarin da aka ba muƙamin shef, wato shugaban sashe, a biro (ofis) jiya jiya. Na tara su a nan da amsar da nake bayarwa, dokar da zan ambata ta Kamaru ce.

Wai me ake nufi da shugabanci mai sa mutane a gaba?

Abin nufi shi ne in za ka yanke shawara a wajen aiki ka sa wanda zai yi aikin a cikin lissafi tun farko, kamar yadda kake sa kuɗin mai da kuɗin haya. Misali kamiyo, wato babbar motar kaya, ya iso daga Ngaundere ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, kai kana so a sauke yanzu yanzu. Mai sa mutane a gaba zai tuna yaran nan tun asuba suke tsaye, ga azumi wataƙila, sai ya ce a bari rana ta yi sanyi ko ya ƙaro hannu. Kayan za su sauka dai, ribar ma tana nan, sai dai gobe ba wanda zai kwana a asibiti.

Wannan ai maganar Turawa ce, mu ba muna da tsarinmu na maigida da yaransa ba?

Muna da shi, kuma ni ban raina shi ba, a cikinsa na tashi. Maigidan da ya koya min kasuwa shi ya yi min aure, shi ya biya asibiti da mahaifiyata ta kwanta, da na shekara bakwai ya yanka min jari. Babu wani darekta mai kwat da zai yi maka haka. To amma ku tsaya mu faɗa wa juna gaskiya, duk abin nan alfarma ce. Ranar da ransa ya yi daɗi ka samu, ranar da wani ya kai masa tsegumi a kanka shikenan shekara bakwai ɗinka ta bi ruwan Binuwai, babu takarda babu shaida, kuma in ka buɗe baki kai ne butulu. Na san mutane da yawa da suka yi wa alhaji bauta har furfura ta fito, ya rasu, 'ya'ya suka raba gado, aka ce musu Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Abin da nake kira a yi shi ne a riƙe tausayin nan na maigida amma a mayar da rabinsa haƙƙi. Albashi, hutu, kuɗin tsufa, sanin abin da zai sa a kore ka da abin da ba zai sa ba, waɗannan su fita daga hannun yanayin zuciyarka su koma rubuce. Ragon suna da kayan sallah kuma su zauna a matsayin kyauta, ba wanda ya hana. Matsalar mu ita ce muna ba da kyautar mu riƙe haƙƙin, sai mutum ya saya wa yaronsa shadda da sallah alhali yana bin sa albashin wata biyu.

Kuma maganar ba baƙuwa ba ce a addini. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, haka wanda ke cikin Bukhari da Muslim cewa kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 bai taɓa ce masa ko tir ba. Muna karanta su a wa'azi, a magaza ne muke mantawa.

To su masu boko daga ina suka samo tasu?

A taƙaice, sun fara ne da akasin haka. Wajen 1911 wani injiniya ɗan Amurka Frederick Taylor ya zo da tsarin auna kowane motsi na lebura da agogo, shugaba ya yi tunani lebura ya yi aiki kawai. Daga 1924 zuwa 1932 aka yi gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago, an shiga ne don a ga ko hasken fitila yana ƙara aiki, aka fito ana maganar yadda zaman ma'aikata da junansu da kulawar da ake ba su ke shafar aikin. Har yau masana na jayayya kan sakamakon, amma daga nan hankali ya juya. A 1960 Douglas McGregor ya ce shugabanni kashi biyu ne, mai ganin ma'aikaci malalaci ne sai da bulala, da mai ganin mutum yana son ya yi abin kirki in an ba shi hali, kuma kowanne yakan samu irin ma'aikatan da ya zata. Wannan ta ƙarshen ni na gani da idona, in ka ɗauki yaro ɓarawo kana ƙirga masa ko kwalin ashana, wata shida ya ishe shi ya daina jin kunyarka.

In na sassauta ba za su raina ni ba?

Za su raina ka in sassaucin naka na rashin tsayawa kan magana ne. Yau ka ce ƙarfe 7 da rabi ake buɗewa, gobe wani ya zo 9 ka yi shiru don kana jin nauyin babansa, jibi wani ya makara minti goma ka zazzage masa. Wannan shi ke jawo raini, har da ƙiyayya a kai. Ka sa doka kaɗan, wadda kai ma za ka iya bi, ka faɗe ta gaban kowa, ka riƙe ta a kan kowa. Ni ban taɓa ganin an raina maigidan da ke riga kowa zuwa kuma yake biya a kan lokaci ba, ko da muryarsa ba ta fita. Masu ihu kuwa na san sunayen da ake kiransu da su a bayan kamiyo, wasu ma da Fulatanci don kada su gane. Maganar hukunci tana ƙasa, a tambayar asara.

Kasuwata ƙarama ce, ba ni da kuɗin wasu tsare-tsare. Daga ina zan fara?

Daga ranar albashi. Ka sa rana ɗaya, a san ta, kada ta motsa. Dokar aiki ta ƙasa, wato ta 14 ga Agusta 1992, ta ce mai albashin wata a biya shi kafin kwana 8 su wuce bayan ƙarshen wata. Kuma tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi ya zama sefa 60,000 a yawancin ayyuka masu zaman kansu, 45,000 a aikin gona. Na san da yawa a cikinmu ba su kai nan ba, na kuma san dalilin, kasuwa ba daɗi, amma gara ka san inda layin yake ka dinga matsowa da ka ce ba ka taɓa ji ba.

Abin da masu kuɗi ba sa ganewa shi ne jinkirin kwana goma a wajenka lissafi ne kawai, a wajen ɗan dako kuwa mai gidan haya ne a ƙofa, mai shago ya rufe littafin bashi, ga zubin adashi ya zo, a watan Satumba ga kuɗin makaranta. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai ji wata nasihar ka kan haɗin kai ba, cikinsa yake saurare. In har wata ya zo da matsala, kuɗi sun maƙale a Kusiri ko wani babban mai saye bai biya ba, ka tara su tun kafin ranar ka faɗa musu, ka ba da abin da ya samu ta Orange Money ko MoMo, ka faɗi ranar cikon, kuma a ga kai ma ka matse. Kada a ce babu kuɗi sannan a ga sabuwar mota a ƙofar gida, Garwa ƙaramin gari ne.

CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, fa? Yaran da kansu ke cewa a ba su kuɗinsu a hannu.

E suna faɗa, don saurayi ɗan shekara 22 ba ya hango tsufa, kuma kashi 4.2 cikin ɗari da za a cire masa na fansho yana ganinsa a matsayin kuɗin moto na sati. Amma rajistar ma'aikaci wajibi ne a kan maigida, ba zaɓin yaro ba ne. Kai ma za ka zuba naka 4.2 ɗin, ga kason iyali da na haɗarin aiki da suke kanka kai kaɗai. Yana da nauyi, ban ɓoye ba. Ranar da za ka gode wa Allah ita ce ranar da buhu ya faɗo wa mutum a baya ko direba ya kife a hawan Mbe, lokacin za ka ga bambancin wanda ke da lamba da wanda sai dai a zagaya da kwano a masallaci. Ka zaunar da su ka yi musu bayani da yaren da suke ji, ka nuna musu takardar biya su gani da idonsu, don wasu iyayen gida suna cirewa a albashi ba sa kaiwa, shi ya sa yaran ba su yarda ba.

Duk abin da na faɗa sai su ce to Alhaji. Ta yaya zan san abin da ke ransu?

Wannan ita ce babbar tambaya a wajena. An tarbiyyantar da mu kada mu musa wa babba, kada mu kalle shi a ido, ga kunya irin ta mutanen nan da Fulani ke kira pulaaku ta ƙara a kai, to “to Alhaji” tana iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji amma ba zai yiwu ba, tana iya nufin Allah ya isa. Ni sai da na yi asarar shinkafa buhu kusan arba'in kafin na gane. Rufin magaza yana yoyo ta kusurwa tun farkon damina, mai gadi ya sani, 'yan dako sun sani, ba wanda ya faɗa min saboda watan baya wani ya kawo min labarin ɓera na yi masa tatas gaban mutane kamar shi ya haifi ɓeran. Da na tambaye su me ya sa kuka yi shiru, dattijon cikinsu ya ce, “Maigida, mun ga abin da ya samu wanda ya yi magana.”

Wata malamar jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta taɓa bincike a asibitoci ta tarar ƙungiyoyin ma'aikatan jinya da suka fi kyawun shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kuskure. Da farko abin ya ɗaure mata kai, daga baya ta gane ba kuskuren ne ya fi yawa a wajensu ba, tsoron faɗa ne babu. Kamfanin Toyota kuma ya shahara da igiyar da kowane lebura zai iya ja in ya ga matsala a layin haɗa mota, har aiki ya tsaya in ta kama. Ka duba, leburan da ya fi kowa ƙanƙanta an ba shi ikon tsayar da masana'anta. Mu a nan yaro ko cewa taya ta suɗe ba ya iyawa.

Abin da ya yi min aiki: na daina tambaya a taro, don a taro ba mai magana sai ɗan fada. Ina kiran mutum shi kaɗai, sau da yawa a kan tabarma da shayi bayan la'asar, ba a biro ba. Na daina cewa akwai matsala?, don amsar kullum babu ce, sai in ce in kai ne ni me za ka fara gyarawa a nan. Sannan wanda ya kawo mummunan labari in yi masa godiya gaban mutane ko da raina a ɓace yake. Abu na ƙarshe, in an faɗa maka abu ka gyara ko guda ɗaya a satin, in ba haka ba ba za a sake faɗa ba. Ka kuma yi hattara da mai kawo maka labarin mutane a ɓoye, wannan daban ne da mai kawo labarin aiki, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Yaro ya jawo asara, in yanke a albashinsa?

Mutane na mamaki in na ce musu doka ta hana maigida cin ma'aikaci tara. Sashe na 30 na dokar aiki ne. Hukuncin da ke taɓa albashi da aka yarda da shi shi ne dakatarwa, kuma ba ta wuce kwana 8 na aiki, a rubuce da dalili, a sanar da insifektan aiki cikin awa 48. To wannan jaka biyu biyun da ake zaftarewa don makara ba ta da gindi.

Kafin ma a je doka, ka raba abu uku. Akwai kuskure, akwai sakaci, akwai ha'inci. Wanda ya yi kuskuren lissafi don ba wanda ya koya masa, laifin na wanda bai koya ba ne. Mai sakaci a ja masa kunne a keɓe, in ya maimaita a ba shi takardar neman bayani ya amsa. Mai ha'inci kuma ba a wasa da shi, don in ka ƙyale ɓarawo ka zalunci masu amana da ke kallo. Duk wanda ya kasance dai kada ka tozarta magidanci gaban yaran da suke sa'annin 'ya'yansa, zai manta kuɗin da ka yanke amma wannan ba zai manta ba.

Ɗan yayata yana aiki a wajena kuma shi ya fi kowa lalaci. Ya zan yi?

Hmm, wannan kowa na da nasa. Ba zan ce kada ka ɗauki dangi ba, a nan ba mai iya wannan, kuma wasu dangin su ne ƙashin bayan kasuwa. Sai dai ka sani duk sauran ma'aikata da shi suke auna ka. In ya zo ƙarfe 10 ya zauna yana latsa waya kuma albashinsa ya fi na wanda ke ɗaukar buhu tun safe, duk maganar adalcin da kake yi ta zama tatsuniya. Ka fara da uwarsa, ka je gida ka ce Yaya ga halin da ake ciki, don in ba ka riga shi ba shi zai riga ka da nasa labarin. In ya ƙi gyaruwa, gara ka dinga ba shi taimako daga aljihunka a matsayin kawu ka cire shi daga magaza. Zumunci daban, asusun kasuwa daban.

Kullum wani na da suna, biki ko rasuwa. Ga azumi ga zafi. Aikin fa?

Dokar ma ta san da wannan, ta ba ma'aikaci har kwana 10 a shekara da albashinsa don lamuran da suka shafi gidansa, kuma ba a cire su a konje, wato hutun shekara. Konjen kansa kwana ɗaya da rabi ne na aiki a kowane wata, wato 18 a shekara. Ka lura an ce gidansa, ba bikin ƙanwar abokin maƙwabci ba. Ni abin da na yi shi ne muka zauna da su muka rubuta: haihuwar matarka kwana kaza, rasuwar iyaye kwana kaza, jana'izar unguwa a je a dawo. Tun da aka rubuta rigimar ta ragu, don ba sai mutum ya zo yana murza hula yana karanta fuskata ba.

Zafi kuma ba abin jarumta ba ne. Maris da Afrilu a Garwa da Marwa ana haura digiri 40, ga wuta na yawan ɗaukewa in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, fanka ma ba ta juyawa. Mukan fara lodi da sassafe mu tsaya tsakar rana, da azumi mu tashi da wuri. Kuma in ka ba Musulmi lokacin Juma'a ka tuna da mai zuwa coci ran Lahadi, in ka yi rabon kayan sallah ka tuna da Disamba. Mutanenmu Tupuri da Mundang da Masa da ke ɗaukar mana kaya suna lura da wannan sosai ko ba su faɗa ba.

Na ɗauki mace aiki ta yi ciki, yanzu fa?

Yanzu sai ka yi mata barka. Hutun haihuwa sati 14 ne, 4 kafin haihuwa sauran bayanta, ba ka da ikon sallamarta a cikinsa, kuma in ka yi mata rajista CNPS ce ke biyan ta kuɗin wannan lokaci, ka ga amfanin abin da na faɗa a tambayar CNPS. Bayan ta dawo tana da har awa ɗaya a rana ta shayarwa zuwa wata 15. Alhazai da yawa na cewa shi ya sa ba sa ɗaukar mata, ni kuwa wadda ta fi kowa riƙe min lissafi tsaf mace ce, haihuwa uku ta yi a wajena, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Wani abu da ba a son faɗa: ka sa ido kan shef ko direban da ke takura wa 'yan mata da maganar banza, yarinya ba za ta kawo maka ƙara ba, sai dai ka ga ta daina zuwa. Ka samu babbar mace a wajen da za su iya faɗa wa.

Ma'aikatana kowa da yarensa, wane zan yi amfani da shi?

Wanda za a gane. Takarda da Faransanci take, kasuwa da Fulatanci take tafiya, mu a tsakaninmu Hausa, in ka je Kusiri ga Larabcin Shuwa. Laifin da muke yi shi ne a yi taro da Faransanci sai a juya a yanke shawarar gaske da Hausa tsakanin mutum uku, sauran suna zaune suna kallon baki. Ko ba da nufi ba ne, wanda ya zo daga kudu ko daga dutsen Mokolo zai ɗauka da shi ake. In magana ta shafi kuɗi ko doka a maimaita ta da yare biyu, kuma wanda bai iya karatu ba a karanta masa kwantiraginsa kafin ya dangwala.

Samarin yanzu masu dipiloma ba sa zama, kuma ba sa son a kira su da dare.

Suna da gaskiya a ta biyun. Tunda WhatsApp ya shigo aiki ya daina tashi, ƙarfe 11 na dare maigida ya tuna wani abu sai ya turo murya ta minti shida, in ba a amsa ba da safe a sha fushi. Awa 40 ne aikin sati a doka in ba gona ba, abin da ya haura ƙarin lokaci ne mai kuɗinsa. In kamiyo ya lalace a hanya kira, wannan kowa ya gane. In tunani ne kawai ya zo maka, rubuta shi ka ajiye zuwa safe.

Rashin zama kuma, yaron da ya gama jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ka ajiye shi sitaj, wato koyon aiki, shekara biyu kana ba shi kuɗin moto, me zai zauna ya yi? Gwaji ma a doka sai a rubuce, kuma ba ya wuce wata 6 har da sabuntawa, manyan ma'aikata 8. Su ba jiran a yanka musu jari bayan shekara bakwai suke ba irin namu, suna so su san nan da shekara ina za su kai, me za su koya. Ka faɗa masa gaskiya ko da amsar ita ce nan ba wani hawa sosai, ka koya masa abin da ka iya, in ya samu gaba ka sa masa albarka. Biyu daga cikin manyan masu saye na yau yarana ne na da.

Ni ba maigida ba ne, shef ne kawai a tsakiya. Na sama na matsa min, me zan iya?

Babba juji ne, kai kuma jujin tsakiya, ta sama a zubo ta ƙasa a zubo. Albashi ba a hannunka yake ba, amma rabon aiki, jerin hutu, wanda za a yaba da wanda za a tura aikin wahala duk kai ne. Kada ka sauke zagin da aka yi maka a kan na ƙasa yadda ya zo. In aiki ya yi kyau ka ambaci sunan wanda ya yi a gaban darekta, in ya ɓaci ka ce mu ne. In za ka kai kuka sama ka kai shi da lissafi, mutum nawa suka tafi bana, kwana nawa aka yi ana koya wa sababbi, don na sama da yawa ba sa jin tausayi amma suna jin asara. Kuma in wajen ya kai ma'aikata 20 doka ta ce a zaɓi delege, wato wakilin ma'aikata, kada ka ɗauke shi abokin gaba, sau da yawa shi zai faɗi abin da kai ba ka isa ka faɗa ba, tunda ba a korar sa sai da izinin insifekta.

In dole sai na sallami mutum fa?

Yana faruwa, kasuwa ta faɗi ko mutum ya ƙi gyaruwa bayan duk matakan da na lissafa a tambayar asara. Ka faɗa masa da bakinka, kada ya ji a wajen mai gadi. A ba shi a rubuce da dalili, a ba shi wa'adinsa ko kuɗin wa'adin, kuɗin konjen da bai ci ba, in ya kai shekara 2 akwai kuɗin sallama sai in babban laifi ya yi, da takardar shaidar aiki. In an yi gardama insifektan aiki ne ke fara sulhu kafin kotu. Waɗanda suka rage suna kallon yadda ka yi da shi, kowa na ƙiyasta tasa ranar.

Ta yaya zan gane ko abin yana tasiri?

Kada ka tambaye su ko suna jin daɗi, ka riga ka san amsar, duba tambayar “to Alhaji”. Ka duba wasu abubuwa. Mutum nawa suka bar ka cikin shekara, kuma sun yi sallama ko ɓacewa suka yi bayan an biya su. In ka shigo hira na mutuwa ne ko tana ci gaba. Labarin matsala yana iso maka tun tana ƙarama ko sai ta fashe. Ma'aikacinka yana kawo ƙaninsa ya ce a ɗauke shi? Mutum ba ya kai ɗan'uwansa inda ake cin mutunci.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne tafiya. Bara na yi kwana 12 a Yawunde wajen jinyar ƙanina, wayata ma rabin lokaci a kashe. Da na dawo na tarar sun karɓi kamiyo biyu, sun mayar da buhu shida na sukari da ya jiƙe tun daga hanya, sun rubuta komai a littafi har da jaka uku da suka kashe wajen gyaran ƙofa ba tare da sun jira ni ba. Mai gadin nan da ya yi shiru a kan yoyo shekarun baya shi ya tare ni a bakin ƙofa, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce min kwanon kusurwar gabas ya fara ɗagawa, a kira mai gyara kafin ruwan Mayu.